Haƙoran giya ne suka ci ko faiba ce ta ƙone? Tambaya kan giyabos ɗin F-350

Yaron_Gareji:

Assalamu alaikum manyanmu. Tambayata a kan manyan a-kori-kuran Amurka ce masu giya otomatik, irin su F-250 da F-350 masu shan dizal. A ɗauka an kawo F-350 ƙirar 2004, injin 6.0, giyabos ɗinta 5R110W da ake kira TorqShift. Idan aka sa mata ribas sai ta yi jinkirin daƙiƙa biyu zuwa uku, sannan ta kama da bugu. Wajen tashi kuma tana wani kuka kamar injin markaɗe, yana ƙaruwa da gudu, amma da ta miƙe hanya ta canza giya sau uku sai kukan ya ɗauke ɗif. Fitilar Tow/Haul tana ƙyaftawa jefi-jefi. Man giya bai yi baƙi ba, ƙaurinsa ma kaɗan ne.

Wani zai ce solanoyid, wani ya ce aksul na baya, wani ya ce a sauke kawai a gani. Ta yaya ake tabbatar da cewa ƙarfen ciki ne ya lalace tun kafin a sauke giyabos? Kuma ana iya sanin wane saiti ne daga waje? Allah ya ƙara basira.

Injiniyan_Otomatik:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ana iya sani, kuma alamar da ka ambata a tsakiya, wato ɗaukewar kukan bayan canji na uku, ita ce bakin zaren.

Sai ka fara sanin yadda cikin yake. Giyabos ɗin nan saitin giya uku gare shi, kowanne da giyar tsakiya da ake ce wa rana, da ƙananan giyoyi masu zagaye ta, da kejin da ke riƙe da su a kan fil, da zobe mai haƙora ta ciki da ya kewaye su duka. Na farko daga gaba, bayan famfon mai, shi ne saitin oba, wato mai sa juyin fita ya fi na shiga yawa. Bayansa akwai saitin gaba, sai na can baya, saitin ribas. Waɗannan biyun na baya ranarsu a haɗe take, tare suke juyawa. Kuloci shida ne ke sarrafa su: na gangara, na oba, na gaba, na tsakiya, na kai-tsaye, da na ribas, ga kuma sifrag biyu, wato kuloci mai kamawa ta hanya ɗaya ya saki ta ɗayar, ɗaya a saitin oba, ɗaya a saitin ribas.

Direba giya biyar yake ji, amma kwamfuta shida take ƙirgawa. Ga lissafinsu, wato yawan juyin shaf ɗin shiga a kan juyi ɗaya na shaf ɗin fita: 3.11, 2.22, 1.55, 1.10, 1.00 da 0.71, ribas kuma 2.88. Ta huɗun, mai 1.10, ba ta shiga sai sanyi ya kai wajen digiri 15 ƙasa da sifiri, don haka a yanayinmu ba za ka taɓa ganin ta ba. Motar 1, 2, 3, 5, 6 take bi. Abin da direba ke kira giya huɗu, a sikana biyar zai fito. Ka riƙe wannan, don yana rikita mutane wajen karanta lambobi.

Ga wanda ke ɗaukar kaya a kowace giya:

A giya 1 saitin oba a kulle yake, yana juyawa dunƙule guda. Saitin gaba da na ribas su ke aiki, kuma nan ne suka fi shan wahala.
A giya 2 duka ukun suna aiki, domin giya 2 ba komai ba ce illa giya 1 da aka ɗora wa oba. Ka buga 3.11 sau 0.71 ka gani.
A giya 3 kulocin tsakiya ya riƙe rana, saitin gaba kaɗai ke ɗaukar kaya. Na ribas yana juyawa amma ba nauyi a kansa.
A giya 5 komai a kulle yake, babu haƙorin da ke tafiya a kan wani.
A giya 6 saitin oba kaɗai ke aiki.
A ribas saitin baya ne ke ɗauke da kayan, na gaba yana bin iska.

To ka ga taswira ta fito. Kukan da ke nan a 1 da 2 da ribas, ya ragu a 3, ya ɓace a 5 da 6, saitin ribas ne. Wanda ke nan a 1 da 2 da 3 da ƙarfinsa, amma ya yi sauƙi a ribas, saitin gaba ne. Wanda kuma ke fitowa a 2, ya ɓace a 3 da 5, ya dawo a 6, na oba ne, ba tantama. Sandar giyar motar tana taimakawa: idan ka ja ta zuwa 3 da giya 3 za ta tashi ta tsaya a nan, haka 2, haka 1. Sai ka gwada kowacce daban, a gudu iri ɗaya, tagogi a rufe, fanka da rediyo a kashe, wani yana riƙe da sikana yana faɗin giyar da ake ciki.

Kafin ka ɗora wa giya laifi, ka fitar da sauran masu kuka. Mota na tsaye, an taka birki, an sa D: babu giyar da ke motsi a ciki, domin shaf ɗin shiga a tsaye yake. Duk kukan da ka ji a wannan hali ba na haƙori ba ne. Idan yana nan a D da ribas a tsaye, ya tafi da an mayar firi, boris ɗin cikin kwambata ne, wato abin da ke haɗa inji da giyabos ta hanyar mai. Idan yana nan ko a P, yana hawa da sauka tare da totur, famfo ne ko filtar da ta toshe tana jawo iska. Idan ƙas-ƙas ne a gindin inji lokacin da yake silo, duba falayawil ko ya tsage a kewayen notocinsa. Aksul na baya kuwa gudun taya yake bi, bai san giyar da kake ciki ba, kuma muryarsa tana canzawa idan ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa. Boris ɗin taya yana canza murya a kwana. Boris ɗin tsakiyar farfela gurnani yake yi a ƙarƙashin kujera. Idan motar mai ogzilare ce, a tabbata tana 2H, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma akwai mai a akwatin ogzilaren, don sarƙarsa da boris ɗinsa su ma suna kwaikwayon kukan giyabos.

Bisa abin da ka zayyana, zargina yana kan saitin ribas. Motocin wajen 2004 an san su da wannan: fil ɗin da ƙananan giyoyin ke juyawa a kai yana zamowa daga keji, ya fito yana gogar abin da ke kusa da shi yana aske ƙarfe. Amma zargi ne, ba hukunci ba. Kwanon ƙasa ne zai yanke.

Mai_Sikana:

Injiniya ya gama da kunne, bari in ɗora da ido.

Ka fara da auna mai yadda ya kamata: mota a fili madaidaici, inji na aiki, giya a P, mai ya yi zafi. Mai da ya gaza yana kawo jinkirin ribas, wanda ya yi yawa kuma giyoyi suna kaɗa shi ya yi kumfa. Jan mai ba shaidar lafiya ba ce. Faiba, wato fatar da ke kan faifan kuloci, ita ce ke baƙanta mai idan ta ƙone. Ƙarfe zai iya cin ƙarfe man yana nan ja. Ka ɗiga shi a farar takarda ka kai rana, in ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa kwalli, akwai magana.

Sannan ka kwance kwanon. Wajen lita 7 zai zubo, ka tare a roba mai tsabta ka tace da farin ƙyalle, kada ka zubar. Kada a bar yaro ya wanke kwanon kafin ka gani, wannan ita ce shaidar da aka fi ɓatarwa a gareji. Abin da ke ciki haka ake karanta shi. Laushin toka-toka a jikin mayen ƙarfen kwano, mai santsi kamar man shafawa idan ka murza, wannan cin yau da kullum ne. Idan mayen ƙarfen ya yi gashi kamar bushiya, kana jin tsini a yatsa, ƙarfe mai tauri ne ke gutsurewa, haƙori ko boris. Ƴan sanduna sirara kamar guntun allura, boris mai allurai ne ya watse, ko na cikin ƙaramar giya ko na tsakanin saiti da saiti. Garin azurfa da mayen ƙarfe ba ya kamawa alminiyam ne, daga jikin giyabos, ko fistin, ko cikin kwambata. Ruwan zinariya tagulla ce ta bushin ko washa. Baƙin gari kamar na shayi faiba ce. Mai da ya koma kalar madara da ja-ja, ruwan lagireto ne ya shiga ta kula, wato abin sanyaya man giya da ke cikin lagireton, kuma wannan yana ɓamɓare faiba daga ƙarfenta. Guntun haƙori ko guntun sakilif, wato zoben da ke kulle kaya a wurinsu, ko ɗaya ka samu, an gama bincike, sai saukewa.

Filtar cikin kwano a fasa ta a buɗe, don manyan gutsattsari a nan suke maƙalewa. Motocin 2003 zuwa 2007 suna da wata filta ta biyu a waje, a kan bututun kula ta gaban mota, cikin gwangwani. Mutane da yawa ba su ma san da ita ba. A ciro ta a duba. Daga 2008 aka daina sa ta aka girmama ta ciki.

Yanzu sikana. Abu guda nake so ka riƙe: haƙorin giya ba ya zamewa. Ko dai ya kama, ko ya karye. Kuloci ne ke zamewa kaɗan-kaɗan. Saboda haka saitin giya zai iya lalacewa ƙwarai yana kuka, kwamfuta ba ta rubuta komai ba, tunda lissafin juyi bai canza ba. Lambobi irin P0731, P0732, P0733 da P0735 cewa kawai suke yi lissafin giya kaza bai fito daidai ba, ba su ce haƙori ya karye ba. P2700 zuwa P2704 kuma suna cewa wani kuloci ya daɗe bai kama ba: A na gangara, B na oba, C na tsakiya, D na kai-tsaye, E na ribas. A rubuta lambobin da bayanan lokacin da suka faɗo kafin a goge.

Abin da ya fi lambobin amfani shi ne juyin sensa uku: TSS na shaf ɗin shiga, ISS na abin da ke fitowa daga saitin oba, OSS na shaf ɗin fita. Da TSS ake lissafi, ba da juyin inji ba, don kwambata tana da nata zamewar. A giya 1, idan OSS na 600, TSS ya zama kusan 1,870. A giya 3, OSS 1,000, TSS kusan 1,550. A giya 6, OSS 2,000, TSS kusan 1,420. Sensar tsakiya ita ke raba giyabos gida biyu. A 1 da 3 da 5 dole TSS da ISS su zo ɗaya. In TSS ya tsere wa ISS, ɓarnar tana gaba, sifrag ɗin oba ke saki. In sun zo ɗaya amma OSS ya gaza, ɓarnar tana baya.

Yadda lissafin ke ɓacewa ma magana ce. Idan yana daidai a tafiya a hankali, ya riƙa buɗewa sannu-sannu yayin da kake ƙara totur, ko ya fi muni da mai ya yi zafi, kuloci ne ko yoyon matsin mai. Idan kuwa lokaci ɗaya inji ya yi ihu kamar an sa firi, tare da ƙara, ƙarfe ne: sifrag ya juye, ko haƙoran da suka haɗa shaf da keji sun share. Mota da ke zamewa wajen tashi a D amma ta ja lafiya idan an sa sanda a 1, sifrag ne, domin a 1 kulocin ribas da na gangara suna shiga su riƙe abin da sifrag ɗin suka kasa. Wanne daga cikin biyun, TSS da ISS za su faɗa maka.

Juyin sensa da ke tsalle ba dalili, a ciro sensar a duba bakinta. Tana da mayen ƙarfe, garin ƙarfe yana taruwa a kai ya rikita ta. A nan ake sayen sabuwar sensa a ce an gyara, alhali saƙo ta kawo daga ciki.

Dattijon_Giya:

Madalla da bayanan nan. Gyara biyu zan yi, Injiniya ka yi haƙuri.

Ɗaukewar kuka a giya 5 ba haƙora kaɗai take nunawa ba. Boris masu allurai da ke tsakanin sassan su ma suna hutawa a giyar, tunda duk abin da ke gefensu gudu ɗaya yake yi. Daga waje ba ka iya raba su da haƙori sai dai ta murya: haƙori da ya ci yana kuka siriri, wanda ya karye yana ƙwanƙwasa a jere daidai da juyi, boris kuma shuu yake yi kamar ana zuba yashi. Duk saukewa ce, amma kada a yi wa mai mota alkawarin cewa saiti ɗaya kawai za a saya. Sannan aksul yana da wayo, wani kukan nasa a wani gudu kawai yake fitowa ya ɓace a gaba, sai a zaci canjin giya ne ya ɗauke shi. Maganin wannan: ka riƙe gudu ɗaya, a ce kilomita 55, sau ɗaya sanda na 3, sau ɗaya a D tana giya 5. In kukan bai bambanta ba, ka bar giyabos ka koma baya.

Na biyu, jinkirin ribas shi kansa ba alamar haƙori ba ne, alamar mai ce. Ribas na buƙatar kulocin kai-tsaye da na ribas su cika. Giyabos ɗin nan ba shi da tarin bawul irin na tsofaffi, kusan kowane kuloci da solanoyid ɗinsa kai tsaye, su bakwai ne har da na matsin mai da na kwambata. Solanoyid kuwa mayen ƙarfe ne mai aiki da lantarki, garin ƙarfe yana zuwa ya maƙale masa. Saboda haka wanda ya ce solanoyid bai yi ƙarya ba, sai dai ya kama reshe ya bar tushe. Ka sa sabo, bayan kwana kaɗan garin ya sake cika shi.

A ɗaura agogon matsin mai a mahaɗin da ke gefen direba na jikin giyabos, agogo mai kai 400 psi, don matsin yana haura 300 idan an matsa mata. A kwatanta abin da kwamfuta ta nema a sikana da abin da agogo ya nuna, a P, a ribas, a D. Ya gaza a ko'ina: famfo, filta, bawul ɗin daidaita matsi ko solanoyid ɗinsa. Ya faɗi a giya ɗaya kawai: yoyo a hanyar kulocin giyar. Yana daidai a ko'ina, ga kuka ga ƙarfe a kwano: ƙarfen ciki ne.

Gwajin nan na taka birki da totur tare har ƙasa, ban yarda a yi shi a motar da ake zargin haƙori ba. Injin 6.0 zai ƙarasa abin da ya rage, wani lokaci har ya fasa jikin giyabos. Ko a mota mai lafiya ba a wuce daƙiƙa 5.

Yaron_Gareji:

Na gode ƙwarai manya, Allah ya saka da alheri. To idan an sauke aka tarar saitin ribas ne, ana iya canza shi kaɗai a rufe? Kuma wannan taswirar tana aiki a Ram da Silverado?

Dattijon_Giya:

Yaro, canza saitin kaɗai shi ne kashe maciji ba a sare kai ba.

Wajen kwancewa ka jera kaya a kan tebur bi da bi yadda suka fito, kowace washa da boris a fuskar da take kallo. Kafin ka fara ka auna wasan shaf ɗin shiga, gaba da baya, ka rubuta. In ya wuce na littafi, akwai washa ko boris da ya cinye a wani wuri, sai ka neme shi. Kowace ƙaramar giya a keji ka juya ta da yatsa: ta tafi sumul, ba gargada, ba ta karkata gefe idan ka girgiza ta. Ka zura ma'aunin tsaga tsakaninta da keji, duk su zo kusan ɗaya, kuma a irin waɗannan wasan ba ya kai milimita 1. Wadda ta bambanta da ƴan'uwanta washarta ta tafi. Ka duba kan kowane fil ko ya taso daga inda aka dandaƙe shi. Keji ba a gyara shi da walda ko guduma, sabo ake sawa, kuma a nemi ƙirar da aka inganta ta baya, ba irin wadda ta fito ba. Rana da zoben da suka yi aiki da lalatacciyar giya tare suke tafiya, ko da ido bai ga komai ba sai ɗan ramuka a fuskar haƙori. Ramin sakilif ɗin kulocin ribas a jikin giyabos a duba shi da fitila, in bakinsa ya ɓare jikin ya tashi aiki. Bayan an haɗa, a gwada kowane kuloci da iska da ba ta wuce 40 psi ba, ka ji ya buga tim ba tare da huci ba.

Launin ƙarfen shi zai gaya maka dalili. Haƙori ya karye fari tas, sauran lafiya: bugu ne. Mai jawo shi shi ne jefa mota daga D zuwa ribas taya na juyawa, irin yadda ake yi idan ta kafe a yashi ko taɓo, ko fizgar tirela mai nauyi da ƙarfi. Ƙarfe ya yi shuɗi ko baƙi, washa ta narke, allurai sun manne: ƙishin mai ne. Wannan ne mai dawowa, domin dalilinsa yana wajen giyabos.

Hanyar man ke nan: daga kwambata ya fita zuwa kula, daga kula ya dawo ya shayar da giyoyi da bushin. Kwambata ta fara zubar da gari, kula ta toshe, giyoyin baya su bushe. Tiyo da ya lanƙwashe ko bututu da dutse ya matse haka suke yi. Jan mota da igiya inji a kashe, tayoyin baya a ƙasa, shi ma haka, don famfo ba ya juyawa amma shaf ɗin fita yana juya giyoyi a bushe. In dole a ja ta, a cire farfela.

Saboda haka duk giyabos da ya yi ƙarfe: kwambata sabuwa ko wadda aka yanka aka gyara, ba a wanke ta da fetur a mayar. Kular iska ta gaba a canza, ramukanta ƙanana ne, wanki ba ya fitar da komai, sai mai ya yi zafi ta sako garin cikin sabon aiki. Ta cikin lagireto da bututai a wanke ta baya da gaba. Filta biyun sababbi. Solanoyid a canza ko a gwada ɗaya-ɗaya. Famfo a buɗe a duba zane. Bayan an ɗaura a cire bututun dawowa a auna, abin da aka saba nema shi ne kusan lita 1 cikin daƙiƙa 20 inji na silo. Amma a wannan giyabos akwai bawul mai jin zafi da ba ya sakin mai sosai zuwa kula sai man ya yi zafi, wajen digiri 75, don haka awon da aka yi da sanyi ƙarya zai faɗa maka.

Mai kuma Mercon SP ne, daga baya aka amince da Mercon LV a madadinsa. Ba Mercon V ba, ba jan man da ake aunawa a galan ba. Daga bushe yana shan lita 16 zuwa 18 gwargwadon shekara. A goge abin da kwamfuta ta koya a da, a fita da ita a hankali ta sake koyon canji, ana kallon zafin mai. Tsakanin digiri 70 da 95 lafiya ne. Ya doshi 120, a tsaya.

Injiniyan_Otomatik:

Baba na karɓi gyara, musamman ta gwajin gudu ɗaya.

Kan tambaya ta biyu: dabarar ɗaya ce, taswirar ce ke canzawa. Kullum ka nemi giyar da lissafinta 1.00 ne. A Allison 1000 na Silverado da Sierra masu Duramax giya 4 ce, inda kuloci C1 da C2 ke kamawa tare. Shi ba shi da sifrag ko ɗaya, kuloci biyar ne kawai, kowace giya biyu ke riƙe ta: C1 da C5 a ta 1, C1 da C4 a ta 2, C1 da C3 a ta 3, C2 da C3 a ta 5, C2 da C4 a ta 6, C3 da C5 a ribas. In giya biyu suka samu matsala, ka duba wane kuloci suka yi tarayya a kai. Ribas da 3 da 5 tare, C3 ke nan. Yana da filta ta waje mai murɗawa kamar ta man inji, da mayen ƙarfe zagayayye a samanta. Wannan ya fi komai sauƙin dubawa, kuma a mayar da mayen ƙarfen kan sabuwar filta, yawanci da tsohuwar ake jefar da shi.

A 68RFE na Ram mai Cummins 6.7 ita ma giya 4 ce, kuma nan yake maƙalewa idan kwamfuta ta ga matsala. ATF+4 yake sha, filta biyu ne a cikin kwano. An fi samun kulocin oba da sifrag ɗin giya 1 da laifi kafin haƙora, kuma sikana tana nuna adadin man da kowane kuloci ke sha kafin ya kama, abin da ake kira CVI, wanda ke hawa yayin da faiba ke cinyewa. Hilux mai A750F ma giya 4 ce 1.00.

Inda dabarar ba ta ci shi ne 6R140 na Super Duty daga 2011. Lissafinsa daga 1.15 yake tsallakawa zuwa 0.86, babu giyar da komai ke kullewa, don haka kuka zai canza murya ne kawai, ba zai ɗauke ba. A nan kwano da sikana za ka fi dogara da su.

Wanda kuma zai buɗe tsohon Ram mai 47RE ko 48RE ya kula da sashen oba da ke can baya. Akwai sifirin a ciki da aka danne da ƙarfin da ya haura kilo 350. Ba a cire sakilif ɗinsa sai an danne shi a injin matsi da abin riƙo na musamman, sannan a sassauta a hankali.